KAFIN KA KAMA ƊAKIN HAYA, KARANTA TAKARDA

Ga jawabin da wani malamin yaƙi da jahilci ya yi ma ɗalibansa masu shirin tafiya birni.



Kaka ta wuce, an kai hatsi rumbu. Cikinku akwai masu tafiya Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai neman aiki. A ƙauye kowa yana kwana gidan ubansa. A birni kuwa ɗaki na kuɗi ne. Yau za mu yi magana bisa hayar farko.

Na ɗaya, kada ka biya kuɗin ɗakin da ba ka gani ba. Je ka da rana, kai da wani ɗan uwa da ya san garin. Dubi rufi. In ka ga tabon ruwa a bango, ɗakin yana yoyo, kuma za ka sha wuya a watan Agusta. Dubi ƙofa da makulli. Dubi makewayi. Tambayi maƙwabta ko ruwa yana kwanciya a tsakar gida da damina.

Na biyu, ka san wanda kake magana da shi. Dillali ba shi ne mai gida ba. Ka nemi ganin mai gida ido da ido. In kana shakka, tambayi mai unguwa. Ladan dillali kuma a yanke shi tun farko.

Na uku, lissafi. Mu da dala muke ƙirga, amma takarda da faran take magana. Dala 1 faran 5 ce. Jika 1 faran 1.000 ce, wato dala 200. Misali: an ce haya jika 15 a wata. A takarda za ka ga 15.000. In mai gida ya ce a ba shi na wata 3 gaba, jika 45 ke nan, wato 45.000. Ƙirga sifiri da kyau. Sifiri ɗaya in ya ƙaru, kuɗin ya ninka sau 10.

Ka tambaya: wannan kuɗi na haya ne, ko ajiya ce da za a maido maka ranar tashi? Ba ɗaya ba ne.

Na huɗu, ciniki ba rashin kunya ba ne. Ka ce masa: «Alhaji, ƙarfina wata 2 ne, a yi mini rangwame.» In ƙofa ta lalace, ka roƙa a gyara kafin ka shiga, ko ka gyara a cire cikin haya.

Na biyar, a rubuta kome:

— sunanka da sunan mai gida;
— kuɗin wata, da ranar biya;
— kuɗin da ka ba da gaba, da na ajiya;
— yadda ake raba kuɗin ruwa da na wutar NIGELEC, in gidan na mutane da yawa ne;
— wa zai yi yaɓe, wa zai biya yasar makewayi;
— kwana nawa za a sanar da kai kafin a ce ka tashi.

Ka tabbata wanda ya tashi bai bar bashin wuta ko na ruwa ba.

In takardar da faransanci take, kada ka dangwala yatsa don kunya. Nemi wanda ka yarda da shi ya fassara maka. Ku sa hannu gaban shaidu 2. Mai gida ya riƙe ɗaya, kai ma ka riƙe ɗaya. Duk wata in ka biya, karɓi takardar shaidar biya, ka adana.

Ƴan uwa, mutum yana mantuwa, mutum yana mutuwa, magada su zo ba su san alkawarin baki ba. Ranar nan takarda ce za ta tsaya maka gaban alƙali. Amfanin karatun da muke yi ke nan.

Allah ya kai ku lafiya, ya maido ku lafiya.