Lafiyar Zuciya a Wurin Neman Abinci



Kowa a nan ya san wani da ya fita aiki lafiya ƙalau, kafin la'asar aka ce ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye. Sai mu ce ciwon farat ɗaya ne, alhali hawan jini ya yi shekaru yana cinsa a ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-macen a ƙasashe masu tasowa ne. Kusan rabin masu hawan jini ba su ma san suna da shi ba.

Me ya haɗa wannan da wurin aiki? Binciken da hukumar ta fitar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2021 ya nuna cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar jiki. To, ku lissafa awannin mai shago a Kantin Kwari, ko direban da ke lodi tun asuba: yana zaune wuni guda, abincinsa ya sha gishiri da dunƙule, in gajiya ta kama shi sai lemon kwalba da sigari.

A ƙasashe masu arziki, kamfani ne ke shirya wa ma'aikatansa gwaji da motsa jiki. Mu kuwa yawancinmu ba mu da kamfani. Kasuwa da tasha da gareji su ne ofishinmu, don haka ƙungiyar sana'armu ce za ta ɗauki wannan nauyi. Ga abin da nake ganin zai yiwu ko gobe.

Na farko, kowace ƙungiya ta sayi na'urar awon hawan jini ta ajiye a ofishinta, a koya wa mutum biyu aiki da ita. Wanda awonsa ya yi ta kai 140 bisa 90, a tura shi asibiti, a kuma riƙa tambayarsa ko yana shan magani, domin da yawa suna dainawa da zarar sun ji sauƙi.

Na biyu, a zauna da masu sayar da abinci su rage gishiri. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar bai kai giram 5 a rana ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi.

Na uku, dokar taba ta 2015 ta taƙaita shan sigari a wuraren aiki a Najeriya. A yi aiki da ita.

Shugabannin ƙungiyoyi, kuna karɓar kuɗin ƙungiya duk mako, kuna haɗa gudummawar jinya da ta ta'aziyya. Ku ware kaɗan daga ciki ku sayi na'urar nan kafin taronku na gaba.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.