Tabkin Madarunfa da tsuntsayensa



Yau hirarmu a kan tabkin Madarunfa take. Yana kudu da Maraɗi, tafiyar ba ta kai kilomita 30 ba. Da yawa cikinku sun san shi saboda kaburburan waliyyai 99 da ake faɗi suna kewaye da shi. Wasu kuma sun san shi saboda karfasa da tarwaɗa.

Amma tabkin yana da wasu masu shi, su ne tsuntsaye. Akwai ƴan gida: balbela, zalɓe, kirinjijiya. Akwai shamuwa, wadda take zuwa daga kudu in damina ta gabato. Akwai kuma baƙi na nesa. Tun kafin sanyi ya yi tsanani a Turai, ruwa ya daskare, wasu ƙananan agwagin ruwa sai su taso. Su ƙetare teku, su ƙetare Sahara. Suna isowa wajen kaka, su koma kafin bazara ta yi ƙarfi. Ku duba: bayan wannan doguwar hamada, ruwan da suke fara tararwa shi ne tabkunanmu. In suka tarar da busasshen fili, ina za su sauka?

Wani zai ce, mi ya dame ni da tsuntsu? Tambaya ce mai kyau. Balbela da shamuwa suna cin fara, kuma ba su karɓar kuɗin aiki. Kashin tsuntsayen ruwa taki ne ga tabki, yana ciyar da ƙananan halittun da kifi ke ci. Bayan haka, tsuntsu ba ya zama inda ruwa ya lalace. Ranar da ya daina zuwa, masunci ya fara shirin neman wata sana'a.

A 1971 ƙasashe suka haɗu a garin Ramsar na ƙasar Iran, suka yi yarjejeniyar kare tabkuna da fadamu. Nijar ta shiga a 1987. An sa Tabalak da Ɗan Dutsi da Lasuri cikin jerin a 2005, Madarunfa da Gidimuni kuma a 2019. Wannan suna ne mai daraja, amma takarda ba ta tare yashi.

Yashi shi ne babban ciwon tabkin. Ga yadda abin yake. An sare itace a tudu, an share gona ƙwal. Ruwan sama ya sauka da ƙarfi, babu saiwa ko ciyawar da za ta riƙe ƙasa. Sai koramu su kwashi yashi su zuba cikin tabki. Kowace shekara zurfi yana raguwa. Ruwan da ba shi da zurfi da sauri yake ɗaukar zafi, da sauri rana take shanye shi. Kifi ya rasa wurin ɓuya. Mai gonar tudu shi ma ya yi hasara, don ƙasarsa mai kyau ce ta tafi.

Akwai kuma zancen ruwan da ke gangarowa daga Najeriya. Tun da aka gina madatsar Jibiya wajen ƙarshen shekarun 1980, Gulbin Maraɗi ba ya malala kamar da. Ƙasashen biyu sun sa hannu kan yarjejeniyar rabon ruwa a Maiduguri a 1990. Wannan magana ta hukumomi ce.

Abin da ke hannunmu shi ne tudu. Mutanen Maraɗi ba sa buƙatar a koya musu sassaben zamani, don a ƙasarsu ya yaɗu tun shekarun 1980. In kututture ya yi toho, kada a ƙone shi. A zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a datse saura. Gawo ya fi kowa amfani, don da damina yake zubar da ganye, ba ya rufe hatsi. Inda ƙasa ta yi faƙo, a haƙa rabin wata. Inda ruwa ke gudu, a jera duwatsu su gicce hanyarsa.

Masunta, ina da magana da ku. Gidan sauro na barci ne. Wanda ya ja shi cikin ruwa, ya kwashe ƴaƴan kifin da zai kama baɗi. Ni a ganina wannan sata ce, ko da babu wanda ya kai ƙara wurin sarkin ruwa. Masu noman rani kuma, kada ku wanke tulun feshin magani a bakin tabki. Yara su bar ƙwai cikin sheƙa.

Ga aikin wannan mako. Kowane aji ya je tabki ko fadamar da ke kusa da shi da sassafe. Ku rubuta sunan kowane tsuntsu da kuka gani, da yawansa, da ranar. Ku tambayi tsofaffi wanne ne suka daina gani, shi ma ku rubuta. Malaminku zai tara takardun ya aiko mana, mu karanta su da sunan garinku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.