Masai da Magudanar Ruwa a Dusuman: Wanne Ne Namu, Wanne Ne Na Hukuma?



An ba ni maganar masai da kwata, abin da ba a son ambata a bainar jama'a, amma shi ke kai 'ya'yanmu asibiti. A watan Agusta na 2017 cutar amai da gudawa ta ɓulla a sansanin Muna Garage, nan maƙwabtanmu a ƙaramar hukumar Jere, kuma kafin shekara ta ƙare ta kama mutum fiye da 5,000 a Jihar Borno. Sannan ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya haɗa masai da rijiya a unguwannin Maiduguri da Jere, a watan Oktoba gwamnati ta sake sanar da ɓarkewar cutar.

Da yawanmu in aka yi zancen gyara sai mu ce, "ai mu baƙi ne, wa zai saurare mu?" Jama'a, wannan magana ba ta da tushe a doka. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali. Jadawali na huɗu ya ɗora wa ƙaramar hukuma samar da makewayin jama'a da kwashe shara da ƙazanta. Bai ce sai unguwar 'yan asalin gari ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2010 ta amince cewa ruwan sha da tsaftar makewayi haƙƙin ɗan Adam ne.

To, sai mu naɗe hannu muna jira? A'a. Akwai wata unguwa, Orangi, a birnin Karachi na Pakistan, wadda 'yan ci-rani irinmu suka kafa. Daga 1980 wani bawan Allah, Akhtar Hameed Khan, ya nuna masu dabara: kowane lungu ya zaɓi shugabansa, a yi karo-karo, a gina masai a gida, a shimfiɗa bututun lungu da aikin gayya. Babbar magudanar da za ta kwashe na lungunan duka, wannan suka ce aikin gwamnati ne, suka kuma matsa mata a kai. Rabon nan shi ne abin koyi. Aikin gayya yana da haɗari guda: in muka saba yin komai, hukuma takan ɗauka mun yafe mata.

Don haka ga shawarata. Kowane lungu ya ƙirga gidajen da ba su da masai, da waɗanda masansu ke kusa da rijiya. Masu gidajen haya, ku gina wa 'yan hayarku, kuɗin haya ya haɗa da wannan. A tambayi mata inda za a kafa na jama'a, domin su ke fita da dare. Yasar kwatar ƙofar gida tamu ce. Kwalbati, babbar magudana da motar kwashe bola kuwa, mu rubuta takarda da sa hannun Bulama zuwa ga kansilan mazaɓar Dusuman, shugaban ƙaramar hukumar Jere da hukumar BOSEPA, mu karɓi kwafi mai hatimi mu ajiye. Sakatare na bakin ƙofa da takarda, duk lungun da ya shirya ya ba da sunan wakilinsa kafin a watse.