Ko Ya Kamata Mu Yi wa Yaro Aikin Makaranta?

Yau za mu yi magana a kan abin da ke faruwa a gidajenmu da yawa a nan Bauchi, daga Yelwa har Gwallameji. Malami ya ba yaro aikin gida, dare ya yi, an ɗauke wuta, yaro yana ta kuka don ya kasa. Sai uwa, ko uba, ko yayansa ya karɓi fensir ya rubuta masa. Shin wannan taimako ne?

Da fari, mu sani ba kowane yaron da ya kasa ne rago ba. 'Ya'yanmu da yawa suna fama da harsuna uku: Sayanci ko Jaranci a gida, Hausa a unguwa, Turanci a aji. A shekarar 2013 an gwada karatun yara 'yan aji biyu da aji uku na firamare a jihohin Bauchi da Sakkwato, aka tarar yawancinsu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Saboda haka, in ɗanka yana shan wuya, ba shi kaɗai ba ne, ba kuma abin kunya ba ne.

Sai mu duba Littafin Farawa, sura 27. Ishaku ya tsufa, idanunsa sun dushe. Rifkatu tana ƙaunar Yakubu, tana so ya sami albarka. Ita ce ta dafa abincin, ita ce ta sa masa tufafin Isuwa, ta rufe hannuwansa da fatar 'yan awaki. Yakubu kuwa ya kai wa mahaifinsa, ya yi ƙarya. Ƙauna ce ta sa ta, amma ina ƙarshen abin? Yakubu ya gudu zuwa Haran, ya yi shekara 20 a wurin Laban, ba mu kuwa karanta cewa ya sāke ganin mahaifiyarsa ba.

'Yan'uwa, littafin yaro shi ne idon malami. Ta nan yake ganin inda yaro ya gane da inda bai gane ba. In muka cika shi da amsoshinmu, mun rufe wa malami ido. Zai ga komai daidai, ya wuce darasi na gaba, a bar yaro a baya. Mafi muni, yaron ya koya daga hannunmu cewa maki ya fi gaskiya. Ranar jarrabawar WAEC ko NECO ba za mu shiga da shi ba, tun 2015 kuma a kwamfuta ake rubuta JAMB. Wanda ya saba a yi masa, satar amsa zai nema, alhali dokar ƙasa ta 1999 ta sa hukuncin tara ko ɗauri a kan maguɗin jarrabawa.

To, me za mu yi? Mu zauna tare da shi tun da sauran haske, amma fensir yă zauna a hannunsa. Mu bayyana masa tambayar da harshenmu na gida. In lissafi ne, mu ƙirga da gyaɗa ko marafan kwalba, mu yi wani misali dabam, sa'an nan shi ya yi nasa. In ya yi kuskure bayan ya yi ƙoƙari, mu bar shi haka malami ya gani. Mu je makaranta mu gaya wa malami gaskiya. In wahalar ta daɗe, a kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa. Iyayen da ba su yi boko ba, ku sa yaro ya karanta muku da ƙarfi, ku kuma roƙi wani matashi a ikilisiya ya riƙa bi da shi.

Maki huɗu na gumin yaro ya fi goma na hannun uba. Allah ya ba mu haƙuri da hikimar renon 'ya'yanmu cikin gaskiya. Amin.