Amsoshin Wasiƙunku: Shin Gaskiya Ne Ana Rage Tumbi Ba Tare Da An Tsaga Ciki Ba?

Wasiƙar da muka zaɓo yau ta fito ne daga unguwar Rikoto cikin garin Zuru ta Jihar Kebbi, daga wata baiwar Allah da ta roƙi mu sakaya sunanta. Ta ce nauyinta ya kai kilo 110, ga ciwon suga, ga ciwon gwiwa, har sujada tana neman gagararta. An gaya mata wai akwai aikin tiyata da ake rage ƙiba ba tare da an tsaga ciki ba, kuma maigidanta na shawarar sayar da gonarsu ta dawa domin a yi mata. Tana tambaya, gaskiya ne ko ƙanzon kurege?

To Hajiya, gaskiya ne, amma ki dakata da maganar gona tukuna.

Wani likita Ba'amurke mai suna Edward Mason shi ne ya fara aikin karkatar da hanyar abinci domin rage ƙiba, a Jami'ar Iowa cikin shekarun 1960. A wancan zamani sai an yi doguwar tsaga. A shekarar 1993 ne wani likitan, Alan Wittgrove, ya yi irin wannan aiki ta 'yan ƙananan huji a birnin San Diego. Yadda ake yi shi ne, bayan an sa mutum barci, sai a huda cikinsa wuri huɗu zuwa shida, kowane huji bai fi faɗin ɗan yatsa ba. A hura iska ciki ya ɗago, a zura 'yar kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana duban allon talabijin yana aikinsa. Galibi kwana biyu ko uku an sallami mutum.

Iri biyu aka fi yi a yau. Na farko, a yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar, abin da ya rage ya zama kamar ayaba. Loma kaɗan mutum ya ƙoshi, yunwa ma ta ragu, domin akasarin sinadarin da ke tayar da ita daga ɓangaren da aka cire yake fitowa. Na biyu, a ware 'yar jaka kamar girman ƙwai a saman tumbi, a haɗa ta da hanji, abinci ya tsallake sauran. Akan rasa rubu'i zuwa sulusin nauyin jiki cikin shekara ɗaya ko biyu, kuma da yawa ciwon sugansu da hawan jini kan lafa ƙwarai.

To wa ya cancanta? Ɗauko alƙalami mu yi lissafi. Ki auna tsayinki da mita, ki ninka shi da kansa, sannan ki raba nauyinki da abin da ya fito. A ce tsayinki mita 1.6 ne, ninki ya ba da 2.56. Kilo 110 a raba da 2.56, an sami wajen 43. Daga 30 ake kiran abin ƙiba, daga 40 kuwa ta yi tsanani. Ƙa'idar da aka shimfiɗa a Amurka a 1991 ta ce sai mai 40, ko mai 35 da ke da wata cuta kamar suga. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta zuwa 35, ko 30 ga mai irin waɗannan cututtuka. Saboda haka masu ɗan teɓa da ke neman kyan tsari, wannan magana ba taku ba ce.

Sai dai fa a lura, hujin ne ƙarami, aikin da ke ciki babba ne. Ɗinki na iya yoyo, jini na iya zuba ko ya daskare a jijiya, kuma tumbin da aka cire ba ya dawowa. Makonnin farko ruwa-ruwa ne kawai, romo da koko marar sukari, kafin a kai ga abinci mai laushi. Malmalar tuwon dawa da kika saba tashi da ita, kun yi ban kwana. Za ki riƙa shan bitamin da maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi muddin rai, tare da gwajin jini a kai a kai. Mai haihuwa kuma akan ce ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Azumin farko bayan aiki ma sai da shawarar likita. Wanda ya koma wa lemon kwalba da fura mai zaƙi, ƙibar na iya komowa.

Ana yin wannan aiki a Nijeriya, galibi a asibitocin kuɗi na Legas da Abuja, kuma kuɗinsa miliyoyin naira ne. Ga dalilin da ya sa na ce a dakata da gona: kuɗin bai ƙare a ranar tiyata ba. Akwai na magani, da na gwaji, da na mota daga Zuru zuwa ganin likita. In an sayar da abin da ke ciyar da gida, da me za a riƙe sauran?

Shawararmu, ki fara da babban asibitin Zuru, a auna suga da jini, a daidaita su. Ki nemi takardar turawa zuwa ga ƙwararru a Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Su za su duba ko gyaran cima da tafiyar ƙasa da magani za su wadatar, ko kuwa sai tiyatar. In ta kama, ki tambayi likitan sau nawa ya yi irin aikin, kuma wa zai riƙa duba ki bayan kin koma gida. Masu tallar shayin narkar da kitse a tasha kuwa, ki bar musu kayansu, kada garin neman gira a rasa ido.

Allah ya ba ki lafiya, Hajiya.