Bargon Da Ba A Gama Ba, Ba Ya Hana Sanyi

Jawabin da Pasto ya gabatar a taron dattawa da zumuntar mata a Haɗeja

 

Yau zan yi magana a kan abin da ba ku saba ji daga bakin pasto ba, wato allura da zare. Kwanakin baya na je gaida wata mama a cikinmu, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ita ba tela ba ce, sha'awa ce kawai take sa ta ɗinki. Shekara da shekaru tana bin shagunan teloli a kasuwa tana karɓar ƙyallayen da suka rage, na atamfa da na shadda da na yadi, tana harhaɗa su. Ta ba ni izini in faɗi abin da na gani, amma ban da sunanta.

Da ta buɗe akwatinta, sai na ga barguna uku na haɗe-haɗen ƙyalle. Fuskarsu ta yi kyau ƙwarai, amma ko ɗaya ba a sa masa baya ba. Na ga rigar matashi da saura gefe guda. Na ga 'yar rigar jariri da ta yanka wa jikanta, allurar ma tana nan a soke, yaron kuwa yanzu yana aji uku a firamare. Na ce, "Mama, yaya haka?" Ta yi dariya ta ce, "Baba Pasto, da na ga sabon ƙyalle sai zuciyata ta koma kansa, tsohon aikin ya gundure ni."

Na san ba ita kaɗai ba ce. Idan aka binciki ɗakunanmu za a sami irin wannan akwati a gidaje da yawa. Da a ce muna zaune a inda ba a bukatar bargo, da sai mu yi dariya mu wuce. Amma ku tuna inda muke.

Mu mutanen bakin kogin Haɗeja ne. A 2020 da kuma 2022 mun ga abin da ruwa ya yi mana. Gonakin shinkafa suka nutse, gidajen ƙasa suka zube, iyalai suka koma kwana a azuzuwan makarantu, matasa suka kwana suna cika buhuna da ƙasa don tare bakin gari. Ambaliyar nan takan zo ne a watan Agusta da Satumba, lokacin da kogi ya cika. Wanda ya gudu da dare yakan ɗauki yara da ɗan hatsi, tabarma da mayafi kuwa ruwa ya tafi da su. Wata uku bayan haka sai hunturu ya shigo, Disamba da Janairu, ya tarar da tsofaffi da jarirai babu abin rufa. A irin wannan dare, tsohon zane guda da yake hannu ya fi barguna uku masu kyau da suke kwance a akwati ba a gama su ba.

Wani zai ce ɗinkin bargo mai ninki al'adar Turawa ce. Ba haka ba ne. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla ya ga 'yan lifida. Mene ne lifidi? Yadi ne biyu aka cusa auduga a tsakani, aka bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri guda. Kaurinsa shi ke tare kibiya daga jikin doki da mahayinsa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi cikin kayan yaƙin Kano. Ashe fiye da shekara 600 ke nan ana wannan ɗinki a ƙasar Hausa. Ku lura kuma, ba wanda zai hau doki zuwa fagen fama da lifidin da aka ɗinke rabi.

Bari in kai ku nesa kaɗan, wurin wasu mutanen bakin kogi kamarmu. A jihar Alabama ta Amurka akwai wani ƙauye da ake kira Gee's Bend, kogin Alabama ya kewaye shi ta gefe uku. Mazaunansa baƙaƙen fata ne, jikokin bayi, talakawa manoma. Matan wurin sun riƙa yayyanka tsofaffin wanduna da rigunan aiki da buhunan yadi suna ɗinka barguna, don gidajensu na katako ba sa tare sanyi. A 2002 aka baje kolin bargunansu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan tambarin wasiƙa guda 10. Matan nan ba don suna suka yi ɗinkin ba. Sanyi ne ya sa su, shi ya sa suke gamawa. Sau da yawa mace takan haɗa fuskar bargo ita kaɗai, amma wajen ɗinke shi da baya sai maƙwabta su taru su kama mata.

A nan ne maganin matsalarmu yake. Haɗa fuska aiki ne mai daɗi, ga launi iri-iri. Ɗinke ninki uku kuwa aiki ne mai tsawo da gajiyarwa, kuma a nan ne yawancin masu ɗinki suke tsayawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka ina da roƙo guda huɗu.

Na farko, kowace mace ta buɗe akwatinta ta fito da ɗinkin da ta bari, ba tare da jin kunya ba. Kada a fara sabo sai an gama na hannu.

Na biyu, zumuntar mata ta ware yini guda a mako don wannan aiki. Mai keken ɗinki ta yi haɗi da kalmasa, masu ɗinkin hannu su zauna a tabarma su kama bargo guda tare. A sa 'yan mata a tsakani su koya.

Na uku, a yi aikin da zai jure wanki. A wanke ƙyallaye kafin a haɗa, don wanda zai zuba ya zuba, wanda zai tsuke ya tsuke. Kada a haɗa yadi mai kauri da mai roba. A tsakiya a shimfiɗa tsofaffin zannuwa biyu ko uku, sun fi saurin bushewa. A guji audugar rimi, don tana saurin kama wuta, ga shi kuma da sanyi muna kwana da kaskon wuta a ɗaki. A fara ɗinki daga tsakiya zuwa gefe, layi da layi tazarar yatsa uku, don kada ya tattare.

Na huɗu, dattawa, wannan naku ne. Zare da allura da yadin baya kuɗi suke ci. Ku duba abin da ikilisiya za ta iya, ku kuma rubuta gidajen da suka fi bukata, gwauraye da marayu da tsofaffi, namu da na maƙwabtanmu Musulmi, gama tare muka kwana a kan jinga lokacin da ruwa ya zo.

Kun san labarin Dokas ta garin Yafa a Ayyukan Manzanni sura 9. Da ta rasu, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa tufafin da ta ɗinka. Abin da ta gama ne suka iya nunawa.

Mamar da na ba ku labari ta riga ta kawo bargunanta uku, suna nan a bayan majami'a, duk mai so ta duba bayan an tashi. Rigar jaririn ma ta ce za ta ƙarasa ta, gama akwai mai ciki a cikinmu. Ba a fafe gora ranar tafiya, 'yan'uwa. Mu gama kafin iska ta juya.

Ubangiji ya ƙarfafa hannuwanku, ya maida kowa gida lafiya. Amin.