Ciwon Kai Mai Naci: Sanadinsa Da Maganinsa

Jawabinmu na yau a kan ciwon kai ne, amma ba irin wanda yakan kama mutum bayan ya sha rana, ya kwanta ya tashi garau ba. Muna nufin mai naci, watau wanda ke damun mutum kwana 15 ko fiye a cikin wata, har wata 3 a jere. Irin wannan ciwo ba a kashe shi da yawan haɗiyar ƙwaya, sai an gano sanadinsa.

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne wanda mutum zai ji kamar an naɗa masa rawani an tamke, har nauyin ya sauko wuya da kafaɗu. Gajiya da damuwa da ƙarancin barci ke kawo shi, da kuma dogon zama wuri ɗaya irin na direba da tela da akawu. Na biyu shi ne ciwon ɓarin kai. Shi yakan kama gefe guda yana sara, tare da tashin zuciya ko amai, mai shi ba ya son haske ko hayaniya. Yakan ɗauki awa 4 har zuwa kwana 3, ya fi kama mata, sau da yawa kuma gado ne. Ƙishirwa da yunwa sukan tayar da ciwon kai, haka nan barin goro ko kofi farat ɗaya ga wanda ya saba. Hayaƙin janareta ko na gawayi a ɗaki rufe shi ma yakan fara da ciwon kai, sa'an nan ya yi kisa.

Akwai kuma sanadin da mutane da yawa ba su sani ba, shi ne maganin kansa. Wanda ke shan farasitamol ko asfirin kwana 15 a wata, ko ƙwayar da aka haɗa da kodin ko tiramadol kwana 10 a wata, in ya daɗe a haka jikinsa zai saba. Da ƙarfin ƙwayar ya sake shi, sai ciwon ya dawo, ya ƙara haɗiya, kullum ya farka da ciwon kai. Maganin wannan shi ne a daina ƙwayar bisa shawarar likita. Ciwon zai tsananta na 'yan kwanaki, daga baya ya yi sauƙi. Lalle ne kuma babban mutum kada ya wuce ƙwayar farasitamol 8 a yini, domin tana lalata hanta. Kada a ba yaro asfirin.

Mai wannan ciwo ya tafi asibiti a auna jininsa, a duba idanunsa. Ya riƙa rubuta ranakun da ciwon ya zo da ƙwayoyin da ya sha, ya nuna wa likita. Akwai magungunan da ake sha kullum don hana ciwon zuwa, amma likita ne kaɗai zai rubuta su, kuma sukan yi makonni kafin a ga amfaninsu. A gida kuwa, a sha ruwa isasshe, a ci abinci a kan kari, a tsai da lokacin barci, a riƙa motsa jiki.

Wasu alamu ba a jira da su ko na dare ɗaya. In ciwon ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya irin ta sanƙarau, ko da shanyewar ɓarin jiki, ko karkacewar baki, ko farfaɗiya, ko bayan an bugu a ka, to a garzaya asibiti nan take. Haka mace mai ciki da ke ciwon kai da kumburin fuska ko gani dishi-dishi, domin alamar hawan jini ce da kan kai ga jijjiga, rai biyu ke cikin haɗari.

Jama'a, ƙwayar tebur ko ta mai talla a tasha ba ta san abin da ke damunku ba. Ku kai kanku inda za a bincika. Allah ya ba mu lafiya, amin.